Wa ya taɓa ganin sitilhed yana zuba ƙwai, kuma a wane wata?

Ɗan Yawuri, Roseburg, Oregon

Assalamu alaikum 'yan uwa. Watan Agusta da ya wuce wani abokin aikina ya kai ni rafin Steamboat, wanda ke zuba a kogin North Umpqua. Akwai wani wuri mai zurfi da suke kira Big Bend Pool. Da muka leƙa daga kan dutse, da fari inuwa kawai na gani a ƙasan ruwa. Da idona ya saba sai na ga kifaye ne, sun fi ɗari, kowanne ya kai tsawon hannuna, duk sun fuskanci gefe ɗaya, wutsiya kaɗai ke motsi. Ya ce mini sitilhed ne 'yan rani, wato wani kifi dangin salmon da ke girma a teku, ya dawo kogi ya zuba ƙwai.

Ni a bakin Kwara na tashi. Abin da na sani shi ne idan ruwan farko ya cika fadama tarwada ta hau, ƙwai za ta zuba cikin 'yan kwanakin nan. Don haka na ɗauka su ma abin da ya tara su ke nan. Na koma sau uku kafin ƙarshen Satumba, ban ga komai ba sai wannan tsayuwar. To yaushe suke yi? Kuma su 'yan hunturun da nake jin labari, nasu lokacin daban ne? Wanda ya gani da idonsa ya taimaka ya faɗa mana wata da kogi.

Maman Biyu, Corvallis

Wa alaikumus salam Malam. Sunan ne yake ruɗar da mutane. Ɗan rani da ɗan hunturu duk lokacin da suka baro teku suka shigo kogi ake nufi. Zuba ƙwai kuwa kusan lokaci ɗaya suke yi, daga ƙarshen sanyi zuwa wajen Mayu ko Yuni, gwargwadon kogin.

Waɗanda ka gani sun shigo tsakanin Mayu da Oktoba, ƙwan cikinsu bai nuna ba. Sai su nemi wuri mai zurfi da sanyi su lafe wata da watanni, ba sa cin abin kirki, kitsen da suka tara a teku suke ƙonawa. Idan ruwan sama ya sauka sosai a ƙarshen shekara sai su watse su hau ƙananan ƙoramu, su zuba ƙwai wajen Fabrairu da Maris. Shi kuwa ɗan hunturu yana shigowa daga Nuwamba zuwa Afrilu da ƙwansa ya kusa nuna, bai cika daɗewa ba yake sauke nauyi.

Lokacin da nake karatu na yi kaka biyu ina bin masu ƙidayar gurbin ƙwai a ƙoramun kogin Alsea, inda 'yan hunturu ne. Ranar da na fara gani sosai a farkon Afrilu ce, da hantsi. Ruwan bai kai gwiwa ba, a wutsiyar wani wuri mai zurfi inda yake fara gudu a kan tsakuwa. Macen ta kwanta a gefenta ta riƙa kaɗa wutsiya da ƙarfi sau biyar ko shida, tsakuwa da laka su tashi, ruwa ya tafi da lakar. Ta koma baya ta huta, ta sake. Namiji yana bayanta, gefen jikinsa ya yi ja, haɓarsa ta lanƙwashe sama, yana korar wasu ƙananan maza biyu da ke ta zagaye. Mun fi awa ɗaya a tsugune cikin ciyawa. Can sai suka jera a cikin ramin, baki buɗe, jikinsu na rawa, wani farin gajimare ya tashi a ruwan. Bai fi ƙiftawar ido biyar ba. Nan take ta matsa gaba kaɗan ta ci gaba da tono, tsakuwar da take tasowa tana rufe ƙwan da ta zuba. Har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Mace ɗaya tana ɗauke da ƙwai dubbai, kuma ba a rami ɗaya take juye su duka ba. Idan sanyin ruwa yana wajen digiri 10 na ma'aunin Selsiyus, kimanin wata ɗaya ƙwan ke yi ya ƙyanƙyashe, sannan 'ya'yan su ƙara mako biyu zuwa uku a cikin tsakuwa kafin su fito.

Baban Ummi, Tacoma

Hajiya, ban ƙi taki ba, amma ni a Disamba na kama ɗaya a kogin Bogachiel kusa da Forks, mako guda kafin Kirsimeti. Mace ce, da na yanka ta ƙwan ya riga ya saki, yana zuba kamar tsakiyar wuya. Wannan ba za ta kai Afrilu ba ko kusa.

Maman Biyu, Corvallis

Yaya, ka duba bayanta kusa da wutsiya? Akwai ɗan ƙaramin fiffiken nama a wurin, ko an yanke?

Baban Ummi, Tacoma

An yanke. Ai shi ya sa na tafi da ita gida, mai fiffiken doka ta ce a sake shi.

Maman Biyu, Corvallis

To 'yar gidan ƙyanƙyasa ce, su ake yanke wa wannan fiffiken kafin a sake su a kogi. Irin da aka daɗe ana sakewa a kogunan Washinton asalinsa daga rafin Chambers ne, nan kusa da ku. Shekara da shekaru ana zaɓar waɗanda suka fi saurin nuna ana haɗa su, har ya zama suna dawowa a Disamba da Janairu su yi ƙwai da wuri. Na dawa kuwa, wato waɗanda aka ƙyanƙyashe a kogi, a kogunan nan guda, Hoh da Sol Duc da Bogachiel, sai Maris da Afrilu suke cika kogi, ƙwai kuma har cikin Mayu. Abin da ka gani daidai ne.

Direba, Lewiston, Idaho

Mu nan babu ɗan hunturu ko ɗaya. Duk sitilhed ɗin da ya iso Idaho ɗan rani ne, domin tafiyar ba ta mako biyu ba ce. Daga teku zuwa garin nan ya fi kilomita 700, kuma sai ya hau dam takwas: Bonneville, The Dalles, John Day da McNary a kan Kolombiya, sannan Ice Harbor, Lower Monumental, Little Goose da Lower Granite a kan kogin Snake. Ina bin hanyar da tirela, duk na san su.

Akwai kashi biyu, A da B. 'Yan A suna wuce Bonneville da wuri, galibi shekara ɗaya suka yi a teku, ba su cika girma ba. 'Yan B sai ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, yawancinsu shekara biyu a teku, su ne manyan da ake zuwa kogin Clearwater dominsu. Suna kwana a kogi duk tsawon sanyi, wani lokaci da ƙanƙara a bakin gaɓa. Na tsaya a gefen South Fork Clearwater a tsakiyar Afrilu, dusar ƙanƙara na narkewa a kan duwatsu, na ga biyu-biyu a kan tsakuwa a wurare uku cikin tafiyar da ba ta kai ta minti ashirin ba. Jikinsu ya yi duhu, ba wannan farin azurfar da suke shigowa da shi ba, wasu wutsiyarsu ta yayyage saboda tono.

Can sama kuma, wajen Stanley a kan kogin Salmon, kifin ya yi kusan kilomita 1,400 daga teku, ya hau tudu kusan mita 2,000. Nan sanyi bai saki da wuri, don haka Afrilu zuwa Mayu ne. Kifi ya shigo ruwan daɗi a Yuli, bai zuba ƙwai ba sai Mayu. Ku ƙirga watannin.

Abin da ke min ciwo shi ne North Fork Clearwater. Dam ɗin Dworshak da aka gama a farkon shekarun 1970 ba shi da matakalar kifi, ya toshe reshen gaba ɗaya. Dattawan ƙabilar Nez Perce, 'yan asalin yankin, da na yi hira da su suna maganar wurin kamar gidan da aka rushe musu. Tun 1997 sitilhed na dawa na kogin Snake yake cikin jerin halittun da gwamnatin tarayya ke karewa.

Auta, Grand Rapids, Mishigan

Mu namu ba su san gishiri ba, Tafkin Mishigan ne tekunsu. An kawo irin daga Kalifoniya tun 1876. Ina zuwa matakalar kifi ta cikin gari a kan kogin Grand, ƙarshen Maris da farkon Afrilu suke tsalle sosai. A daidai lokacin ne ma'aikata ke tatsar ƙwai a shingen kogin Little Manistee, kuma ana barin mutane su kalla. Na kai ƙannena sau ɗaya. A Indiyana kuma akwai irin Skamania mai shigowa a Yuni da Yuli. Su ma jira suke yi har ƙarshen sanyi.

Malam na Oregon City

Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce me ya sa kifi zai bar teku mai abinci ya zo ya zauna da yunwa wata takwas. Amsar da na samu daga ruwa take. Wasu magangaru ba sa hawuwa sai ruwa ya ja, to kifin da ya zo da rani shi kaɗai ke tsallakewa, sai ya sami ƙoramun sama babu mai gasa da shi. Haka abin yake a kogin Siletz.

Namu na Willamette akasin haka ne. Magangarar da ke gabanmu a da ba ta hawuwa sai ruwa ya cika, don haka 'yan asalin sama 'yan hunturu ne masu zuwa a makare, Fabrairu zuwa Mayu, su yi ƙwai daga Maris zuwa farkon Yuni a kogunan Molalla da Santiam. 'Yan ranin da ake kamawa a nan yanzu daga baya aka kawo su, irin Skamania ne. A 2017 na dawa 512 kacal suka haura. Ina tsaye a kan gada a wannan shekarar na ga zakin teku, wata babbar dabbar ruwa mai cin kifi, ya fito da kifi a baki yana wujijjiga shi, tsuntsaye na bin gutsattsarin. Bayan an ba jihar izinin kawar da zakunan tekun da suka saba da wurin, adadin ya farfaɗo.

Maman Walid, Gresham

Ni abin da ya faru da ni zan faɗa, ko wani zai amfana. Farkon Mayu muka fita da yara bakin kogin Sandy. Ruwa ya ja, suka shiga wani ɗan reshe suna wasa, ni ma na bi su. Akwai wani wuri da tsakuwar ta yi fari tas, kamar an wanke, faɗinsa bai fi tabarmar sallah biyu ba, da ɗan rami a gaba da tudu a baya. Saboda ba shi da santsi sai muka tsaya a kansa. Wani dattijo mai fatsa ya ajiye sandarsa ya zo, cikin ladabi ya ce mu fito ta gefe. Ya nuna mini yadda sauran duwatsun ke da gansakuka, wannan kuwa babu, ya ce uwa ce ta juya su, 'ya'yanta na ƙarƙashin tudun nan da muke takawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ban ga kifi ko ɗaya a wurin ba, ban san akwai rai a ƙasa ba. Ashe uwar tana iya tafiya makonni kafin nan, ƙwan na kwance. Yanzu daga Maris har ƙarshen Yuni ba na barin yarana su taka farar tsakuwa a ruwa, kuma babban ya fi ni gane gurbin.

Ɗan Yawuri, Roseburg, Oregon

Allah Ya saka da alheri, kun warware mini. Anti Maman Walid, kin ce uwar tana tafiya. Ba mutuwa suke yi ba kamar salmon?

Direba, Lewiston, Idaho

Ba dole ba. Da yawa suna mutuwa saboda wahala, amma wasu, galibi mata, suna juyawa su nufi teku, su yi ƙiba su sake dawowa. Na ga irinsu a Mayu, kai babba, jiki kamar bulala. A kogunan bakin teku sun fi tsira. Namu kuwa dam takwas ɗin nan suna jiransu a hanyar komawa, kaɗan ne ke kai labari. Mutanen ƙabilar Yakama a garin Prosser suna tare irin waɗannan su yi jinyarsu a tanki, su ciyar da su watanni, sannan su mayar da su kogi su sake yin ƙwai. Nez Perce ma suna yi.

Maman Biyu, Corvallis

Malam Ɗan Yawuri, wurin da ka je ba ƙaramin wuri ba ne. An hana kamun kifi a rafin Steamboat tun 1932, amma saboda kifin na taruwa a fili ɓarayi sun taɓa jefa nakiya a ramin. Wani mutum mai suna Lee Spencer ya fara gadinsa a 1999, ya yi shekaru da yawa yana zama a bakin ramin daga farkon rani har kifin ya watse. A 2019 aka ware yankin da sunan Frank da Jeanne Moore don kare sitilhed na dawa.

Dalilin da ya sa ake ji da 'yan rani shi ne su suka fi shan wuya idan ruwa ya yi zafi, tunda su ne ke cikin kogi a Yuli da Agusta. Kun tuna Yunin 2021 da zafi ya haura digiri 46 a Portland, a shekarar ne aka rufe kamun sitilhed a kogin Deschutes saboda ƙarancinsu. Kuma masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun nuna a 2017 cewa shigowa da wuri tana da alaƙa da wani yanki guda na ƙwayar gado mai suna GREB1L. Ke nan idan 'yan ranin wani kogi suka ƙare, ba a sa ran 'yan hunturu su haifo su cikin sauƙi. A kogin Elwha an ga sun dawo bayan rushe dam biyu tsakanin 2011 da 2014, kuma masu bincike suna ganin daga zuriyar da ta maƙale a saman dam ɗin suka fito.

Idan za ka koma, ka je ƙarshen Fabrairu ko Maris, bayan kwana uku ko huɗu babu ruwan sama, ruwan ya tsaya. Ka nemi tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, ka sa kaya masu duhu, ka duba wutsiyar wurare masu zurfi. Ka tsaya a tudu, kada inuwarka ta faɗa kansu.

Ɗan Yawuri, Roseburg, Oregon

Na gode Hajiya. Ina da hutu mako na biyu na Maris, in Allah Ya kai mu. Abokin nawa ya ce hanyar sama kan yi dusar ƙanƙara a lokacin, don haka da motarsa za mu tafi. Duk wanda ke kusa yake son zuwa ya yi magana, akwai wurin mutum biyu.