"Ku tafi da ita gida, sai addu'a": waɗanda suka yi irin wannan jinya su taimaka mini

Ummu Sadiƙ

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana tara da aka sallamo mana Umma daga asibiti. Sankarar mama ce, an yi aiki shekara biyu da suka wuce, an yi kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara), yanzu ta shiga ƙashin baya da huhu. Likita ya ja yayanmu gefe ya ce sun yi iya yinsu, mu tafi da ita gida mu ci gaba da addu'a. Addu'a kam muna yi. Sai dai ba wanda ya faɗa mana abin da za mu yi da ƙarfe biyun dare idan ta fara nishi tana damƙar gefen katifa. Farasitamol ne kawai a hannunmu, kuma kamar zuba ruwa a rariya. Abinci cokali biyu na kunu sai ta kau da kai. Don Allah duk wanda ya taɓa irin wannan jinya ya gaya mini yadda ya yi. Ba maganin warkewa nake tambaya ba, masu turo mini lambar mai maganin gargajiya ta gefe ku yi haƙuri.

Autan Baffa

Wa alaikumus salam. Anti, Allah ya ba Umma sauƙi, ya sa kaffara ne. Wata biyar na yi ina jinyar mahaifina, ciwon hanta ne da ya rikiɗe ya zama daji. Mu ma da aka sallame mu ɗauka muka yi an rufe mana ƙofar asibiti ke nan, sai muka koma kan mai kemis na unguwa. Kullum dare ya zo ya yi allura, Baffa ya samu barcin awa biyu, ciwon ya dawo kamar da gayya. Mutum ne da ban taɓa jin ya ce wash ba tun tasowata, amma a watan nan har maƙwabta suna jiyo shi ta katanga.

Wani abokina likita ne ya ce mu koma asibitin koyarwa mu nemi masu kula da raɗaɗin ciwo. Wallahi ban ma san akwai su ba. Suka rubuta masa mofin na ruwa, maganin raɗaɗi mai ƙarfi, wanda ake ɗiba da sirinji marar allura a ɗiga a baki. Nan fa gida ya ɗau zafi. Kawunmu ya ce wannan ai ƙwaya ce, za mu mai da dattijo ɗan maye a ƙarshen rayuwarsa. Gwaggo ta ce ita ta ji shi ke ƙarasa mutum. Baffa da kansa ya raba gardamar, ya ce a ba shi. Kwana biyun farko gyangyaɗi kawai yake yi. A na uku ya ce a tada shi zaune, ya yi taimama, ya yi azahar. Sati bakwai ya ƙara bayan nan, yana hira da jikokinsa. Inda muka sha wuya wajen samun maganin ne: sau biyu ina yin tafiyar awa uku in tarar ya ƙare.

Sista Mai Aikin Dare

'Yar'uwa, shekarata goma sha ɗaya a ɗakin masu ciwon daji, kuma maganar nan ta "sai addu'a" tana ci mini rai, don ba gaskiya ba ne cewa aikin asibiti ya ƙare. Neman warkewa ne ya ƙare. Raɗaɗi, haki, amai, rashin barci, miki, duk suna da abin yi.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsani mai hawa uku na maganin raɗaɗin sankara: a fara da irin su farasitamol, in bai riƙe ba a hau su kodin ko tiramadol, in ya fi ƙarfinsu a hau mofin. Ciwon da ya shiga ƙashi da wuya ya tsaya a hawa na farko. Kuma sirrin shi ne a riƙa ba da shi a kan agogo, na ruwan duk bayan awa huɗu, ba a jira sai ta yi kuka ba. Likita ne zai tsayar da yawansa, kada wani ya auna muku da ka. Ku nemi ya haɗa muku da maganin sassauta ciki tun ranar farko, don mofin yana ɗaure bayan gida, kusan ba wanda yake tsallake wannan. Ku kulle kwalbar a akwati, mutum ɗaya ya riƙe makulli da ɗan littafin rubuta lokaci.

Tsoron Kawunku, Auta, na gane shi. Mun ga abin da tiramol da kodin suka yi wa yaranmu, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Amma tsoron nan ya shafi har likitoci, wasu hannunsu na rawa kafin su rubuta, majinyaci kuma shi ke biyan kuɗin.

Abin da ke ba ni takaici, a Afirka ɗin nan aka nuna abin zai yiwu. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa, cibiyar kula da raɗaɗin masu ciwon da ba ya warkewa, a Kampala ta Uganda a 1993, suka riƙa dama garin mofin da ruwa suna zubawa a gora, da araha. A 2004 Uganda ta ba nas-nas da suka samu horo na musamman damar rubuta shi, saboda ƙauye ba likita. Mu nan Ibadan ce ta yi gaba, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta suka tsaya har aka buɗe sashe na musamman a asibitin koyarwa na can a 2007. Amma wanda ke ƙauye a Jigawa ko Yobe har yau sai ya shigo babban gari.

Gobe yayanku ya ɗauki katinta da duk takardun gwaji ya koma wurin likitan da ya sallame ku. Ya ce masa kai tsaye: ba ta barci saboda ciwo, muna so a haɗa mu da masu kula da raɗaɗi.

Hajiyar Damagaram

'Yata, ni kan abincin zan yi magana. Na yi jinyar uwar mijina wata goma sha huɗu, shanyewar ɓarin jiki, daga baya komai ya tsaya. Da ta daina ci, kunya ta kama ni, kar dangi su ce na bar ta da yunwa. Na riƙa ɗura mata koko tana ƙwarewa, har ranar da ta shiɗe a hannuna. Limaminmu ne ya karanto mini hadisin da ke cewa kada ku tilasta wa marasa lafiyarku ci da sha, Allah ne ke ciyar da su yana shayar da su. Daga ranar na huta, ita ma ta huta. In ta karɓi cokali ɗaya, alhamdu lillahi. In ta ƙi, in jiƙa auduga da zamzam in goga mata a leɓe da harshe, in shafa man kaɗanya kar bakin ya tsage.

Sannan ku kula da juyi. Duk awa biyu a juya ta, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a duba ƙugu da dugadugai da ƙashin gindi. Wurin da ya yi ja ko ya yi duhu bai koma ba, gyambo ne ke tafe. Zani ya jiƙe a canza nan take. Kuma ku raba kwana tsakaninku. Ni kaɗai na ɗauka, na fito jinya da hawan jini.

Malam Na Bakin Kasuwa

Ita Umman ta san abin da likita ya faɗa? Mu mun ɓoye wa yayana har ya cika. Kullum "jiki ya yi kyau, Yaya", shi kuma ya yi murmushi. Bayan sadakar uku masu bashi suka fara sallama, mu ba mu san na gaskiya ba, ba mu san na ƙarya ba. Akwai filin da ya sha faɗa zai bayar a yi makaranta, bai rubuta ba, bai kafa shaida ba, magada suka raba. Da mun ba shi dama, da ya yi wasiyyarsa cikin sulusin da shari'a ta ba shi, ya nemi gafarar waɗanda yake son nema. Har yau abin yana damuna.

Maman 'Yan Biyu

Malam, ba kowa ke iya ɗauka ba. An faɗa wa ƙanwar babata a gaban mutane, ba lallashi ba komai, daga ranar ba ta ƙara magana da kowa ba. Ni dai a ganina a bar ta ta ja zaren da kanta. In ta ce "jikin nan anya?", kar a yi saurin cewa "haba Umma, za ki tashi". A zauna, a ce me kike ji a ranki. Mafi yawansu sun riga mu sani.

Ɗan Kano a Ingila

Aikin kula da tsofaffi nake yi a nan. Idan aka ga mutum ya kusa, akan ajiye 'yan allurai a gidansa tun kafin a buƙace su, na raɗaɗi, na amai, na firgici, da na kakarin nan na maƙogwaro. Dare ya yi tsanani a kira lamba, nas ta zo ta yi. Amma na sha zama da tsoho yana cikawa ba kowa a ɗakin sai ni, bare. Ina tuna gidanmu lokacin jinyar kakata, 'yan dubiya har tsakar gida. Shawarata ɗaya game da su: ku sa musu lokaci. Mutum goma a ɗaki ɗaya, ga turare ga surutu, mai haki ba ya iyawa. Ku buɗe taga, ku sa mata fanka tana busa fuska a hankali, yana rage jin ƙuncin numfashi.

Ummu Sadiƙ

Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya ya koma jiya, an rubuta mofin na ruwan, sai da ya zaga wuri biyu kafin ya samu. Daren jiya ta yi barci daga sha ɗaya har kiran assalatu, mu ne ma muka kasa runtsawa, muna ta leƙa numfashinta. Malam, da safe ina goge mata baki ta riƙe hannuna ta ce a kira mata ƙanwarta ta Gusau, wadda suka yi shekara shida ba sa magana. Ban tambaye ta dalili ba. An kira, tana hanya. Sista, wurin ƙugunta na hagu ya ɗan yi duhu tun shekaranjiya, bai fashe ba. Me zan sa masa?