Neman taimako: ina zan samu bayanan masu kantuna na gundumar Custer?

Assalamu alaikum. Ina rubutu kan rayuwar mutanen da suka fara zama a gundumar Custer ta jihar Nebraska a Amurka, amma aikin ya cije mini a kan masu kantuna.

Manoma ba su ba ni wahala ba, domin dokar rabon filaye ta 1862 ta ba mutum eka 160 idan ya zauna shekara biyar yana noma, kuma sunayen waɗanda suka cika sharaɗin suna cikin takardun mallakar fili. Mai kanti da ya tsaya cikin garin Broken Bow bai nemi gona ba kuwa, babu shi a ciki. Na koma ƙidayar jama'a, na duba ta 1885 da ta 1900, sai na tarar gobara ta cinye mafi yawan ta 1890 a shekarar 1921. Wannan giɓi ne ya fi damuna, don a cikinsa aka yi farin 1894, lokacin da nake son ganin yadda manoma suka karɓi kaya bashi.

Don Allah, waɗanne takardu ne suke nuna masu kantuna da basussukan da suke bin manoma a waɗannan shekaru? Na gode.