Makon da sama ta yi ta canza magana

Ɗan Dala, Mancesta: Salamu alaikum jama'a. Ƙarshen Nuwamba ne a nan Ingila, ga yadda makona ya kasance. Ƙafiyarmu "wa" ce, wanda ya karya shi zai sayi shayi.

Litinin digiri 14, na ce madalla,
Na rataye jaket, na fito da walwala,
Iskar Atilantika ce mai ɗumi ta ɓulla,
Ashe romon baka ne, tana shirin juyawa.

Talata ruwa tun asuba, ba tsawa ba walƙiya,
Yayyafi mai naci kamar mai bin bashin jiya,
Lemata ta juye a Wilmslow Road, ta bar ni a hanya,
Ganye ya jiƙe kan dogo, jirgi ya zama hawainiya,
Na isa aji malam yana rufewa.

Laraba iskar arewa ta zo da ƙanƙara,
Gilashin mota fari fat, maƙwabcina na ta kankara,
Ni da na raina jaket, haƙora sun fara ƙara,
Hannu ya ƙi riƙe makulli wajen buɗewa.

Jikar Zazzau, Gilasgo: Bakano da raki! Wai har Mancesta ce abin kuka? Matso ka ji, bawana.

Zo Sikotilan ka ga inda ruwa ya yi gida,
Safe rana, hantsi ruwa, azahar iska ta farfaɗa,
Ba mai shanya a waje sai baƙo ko mai ganda,
Mu kam mun bar tambayar yaushe zai ɗaukewa.

Tun Lahadin ƙarshen Oktoba aka mai da agogo baya,
Kafin ƙarfe 4 an yi magariba, duhu ya rufe hanya,
Azahar, la'asar, magariba, duk da alwala ɗaya,
Ruwan famfo ya yi sanyin da ba a sakewa.

Baba Na-Birni, Damagaram: Ku yaran nan, ku yi a hankali da kukan daɗi. Ni ma ga nawa.

Mu nan ruwa ya yi sallama, gero na rumbu,
Ko ɗigo ɗaya ka nema a sama, babu,
Ƙurar Bodele ta taso daga Chadi, hunturu ya tabbata,
Asuba bargo da wuta, azahar gumi da fifita,
Leɓe ya tsage, man kaɗe ake ta shafawa.

Abin da sama ke muku a mako, a wuni take mana,
Ku aiko da yayyafin nan ya kwantar da ƙurar garina,
In ba ku hazo buhu biyu, ba sai kun biya ba, 'ya'yana,
Kuɗin mota kawai za ku turowa.

Jikar Zazzau: Baba, baitinka na farko "bu" biyu, "ta" biyu. Amma "wa" ɗin ta tsira, ba shayi a kanka.

Ɗan Dala: Baiwata, kin yi gaskiya kan shanya, amma kin makara da faɗa.

Alhamis ɗumi ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba,
Juma'a rana ta leƙo, na shanya kaftanina ban duba ba,
Kafin in dawo masallaci ruwa bai bar ko hula ba,
Yau Asabar mura ce ke ta gaisuwa.

Baba, riƙe hazonka, citta da kanumfari nake so,
In akwai mai tahowa, a haɗo da kimba ya iso,
Gobe an ce rana, amma da lema zan fito,
Sabuwa ce, fam 5, ina ta lallaɓawa.