Musayar Waƙa: Ƙaurar Baƙaƙen Amurka daga Kudu zuwa Arewa

Dattijon Zaure: Salamu alaikum. Ga buɗi, mai amsawa ya zo da nasa amsa-amon.

Baƙar fatar Amurka a 1910,
Tara cikin goma a Kudu suke rayuwa.

Kafin 1970 ta cika,
Miliyan shida sun fice, Yamma da Arewa.

Noman kashi-mu-raba ne ya fara korarsu,
Mai gona ke riƙe littafi, shi ke aunawa.

Iri da alfadari da gari duk bashi ne,
Kaka ta yi a ce bashin bai kai ga biyuwa.

Ga ƙwaron auduga da ya shigo Texas a 1892,
Yana cinye ƙwallo tun bai kai ga buɗewa.

Misisifi ta sa harajin zaɓe dala biyu,
Da gwajin karatu, mai tambaya ke kayarwa.

Wanda ya yi gardama da farin mutum,
Dare na yi a zo masa da igiyar ratayewa.

Hajiya Malama: Allah ya ƙara girma, Baba. Ka faɗi abin da ya kore su, saura abin da ya jawo su.

Yaƙin 1914 ya tsuke hanyar teku,
'Yan ci-rani daga Turai suka ja da baya.

Mahautan Shikago da masu narka ƙarfe,
Suka tura dillalai Kudu da kuɗin tafiya.

Jaridar Defender ta Robert Abbott,
Ma'aikatan jirgin ƙasa na Pullman ke kai ta Kudu ɓoye a kaya.

A shagon aski da harabar coci,
Mai karatu ya ɗaga, jama'a na bin murya.

Layin dogo ne ya zaɓa wa kowa gari:
Ɗan Misisifi sai Shikago, nan ya miƙe hanya.

Ɗan Karolina da Jojiya ya bi gaɓar teku,
Ya sauka Harlem ta New York ko kuwa Filadelfiya.

Daga 1940 ɗan Texas da Luwiziyana,
Ya bi aikin jiragen yaƙi har Kalifoniya.

Baƙaƙen Ditroit dubu 6 ne a 1910,
A 1930 dubu 120 suka fito a ƙidaya.

Miji kan yi gaba ya fara kama aiki,
Ya tara na tikiti, iyali su biyo baya.

Autan Zaure:

Hajiya, kin kai su tasha kin sauke,
To a ina baƙon zai sami ɗaki?

Masu gidaje sun rattaba hannu a takarda,
Ba haya, ba sayarwa ga baƙar fata, an haɗa baki.

A 1948 Kotun Ƙoli ta hana tilasta sharaɗin,
Dillalai suka ci gaba da shi ta ciki.

Gida guda a Kudancin Shikago a yayyanka shi,
Kowane iyali da murhu, a yi layin banɗaki.

Bayan 1933 hukumar lamuni ta zana taswira,
Unguwarsu ta sha jan layi, ba rance a banki.

Sai ɗan kasuwa ya sayi gida da araha,
Ya tsauwala kuɗi, ya ce biya kaɗan-kaɗan, ɗan kirki.

Takardar mallaka na hannunsa har ka gama,
Gyaran rufi da haraji kuwa naka ne aiki.

Wata ɗaya ka makara a watso kayanka titi,
Abin da ka zuba ya tafi, ba ka da ta yi sai tsaki.

A Yulin 1919 yaro Eugene Williams,
Ya ƙetare iyakar farare yana iyo a tafki.

Aka yi ta jifa ya nutse, Shikago ta kama da rikici,
Mutum 38 suka mutu, ɗaruruwa na jinyar miki.

Yaya Lauya: Auta, ban musa ko baiti ɗaya ba, amma ka duba ɗaya gefen.

A Kudu an hana su akwatin zaɓe, a Arewa ga shi,
Matsin unguwar nan shi ya ba su ƙarfin takara.

An cusa su mazaɓa ɗaya, ƙuri'a ba ta watse ba,
Mai son kujera dole ya zo neman shawara.

Oscar De Priest ya shiga majalisa da zaɓen 1928,
Cikin baƙaƙen Arewa shi ne ya fara.

Jam'iyyar Rifablikan ta Lincoln ce tasa, amma a 1934,
Arthur Mitchell na Dimokurat ya yi nasara.

Tattalin arziki ya karye, Shugaba Roosevelt na Dimokurat ya ba da aiki,
A 1936 ƙuri'ar ita ma ta yi ƙaura.

Randolph, jagoran baƙaƙen ƙwadago, ya ce zai cika Washington da maci a 1941,
Aka hana wariya a aikin makamai kafin ya fara.

Shugaba Truman ya ba da umarnin kawar da wariya a soja a 1948,
Gwamna Thurmond ya ɓalle daga Dimokurat da 'yan Kudu, ya ja daga ya tsaya takara.

Ohio da Illinois da ƙyar Truman ya cinye su,
Ba don ƙuri'un baƙaƙen birane ba, da ya yi asara.

Hajiya Malama: Lauya, ka tsaya a wuri mai daɗi.

Carl Stokes, baƙar fata, ya ci magajin garin Cleveland a 1967,
Coleman Young ya ci Ditroit a 1973, gaskiya.

Sai dai sun tarar masana'antu na kwashewa,
Farare sun koma bayan gari, haraji ya bi su baya.

Magajin gari ga kujera, baitulmali ba kuɗi,
Makarantu na lalacewa, aiki ya yi wuya.

Shi ya sa daga 1970 jikoki suka fara juyawa,
Atlanta da Houston suke nufa da kaya.

Auta, zancen masu komawa Kudu naka ne, ka taɓo mana farashin gida a can.