Musayar Waƙa: Jirgin Silima da Jirgin Dogo

Baban Loko:
Assalamu alaikum. Batun yau jirgin ƙasa ne yadda 'yan fim ke nuna shi. Wanda duk ya ce ƙarya ce, ya kawo dalilinsa a baiti.

Da sunan Allah zan soma,
Batun jirgi mai bin hanya.

A fim kun ga jarumi ya durƙusa,
Tsakanin tarago biyu, kan ƙugiya.

Ya sa hannu guda ya zare fil,
Bos da yaransa a bar su a baya.

Inji ya wuce fit abinsa,
Jama'a, wannan zunzurutun ƙarya.

Ƙugiyar nan da Janney ya ƙera,
1873 ta shigo duniya.

In jirgi na ja, fil ya cije,
Ƙarti goma ba za su iya.

Sai direba ya ɗan sassauto,
Tarago su matso, ja ya tsaya.

Bayan wannan ga tiyon iska,
Daga kai ya bi har can wutsiya.

Iskar cikinsa ke sakin birki,
Muddin tana nan ana tafiya.

Tiyo ya tsinke, iska ta fice,
Gaba da baya duk sai sun tsaya.

Malam Tiyo:

Baba, gaisuwa da girmamawa,
Baitinka babu abin cirewa,
Sai dai famfo ka yi mantuwa,
Na bakin tiyo, kusa da ƙugiya.

Kowane tarago can ƙarshensa,
Akwai famfo da ɗan hannunsa,
Rufe na gaba, iska ta zauna cikinsa,
Rabin gaba sai ya kama hanya.

Na baya kuwa iskarsa ta fice,
Bawul ya ji matsi ya sauka, ya karkace,
Iskar tanki ta danno ta wuce,
Ƙarfen birki ya cije taya.

Westinghouse ne ya tsara haka,
1872, don kar a halaka,
Fam 90 ake cika tiyo a Amurka,
A jirgin da ke ɗaukar kaya.

Saura a nuna mana jarumin da ya tsaya rufe famfo ana harbinsa.

Hajiya Majigi:
Na canja amsa-amo, wanda ya ji haushi ya biyo ni.

Ku 'yan dogo kun cika ƙorafi,
Ku saurara ku ji sirrin kyamara.

Taragon da kuke gani yana rangaji,
A ɗaki yake, na katako aka ƙera.

An ɗora shi bisa tayoyi masu iska,
Ƙarti na girgiza shi da gora.

Ta taga, da can majigi ke haskawa,
Yau koren ƙyalle, kwamfuta ta gyara.

Fitila kan sanda ana giftawa da ita,
Hasken tasha ke nan, duk dabara.

Silima hoto 24 take ci a daƙiƙa,
A ɗauki 12, gudu ya ninka ya ƙara.

Jirgi mai rarrafen kilomita 20,
A allo 40 yake, yana tada ƙura.

Sai dai hayaƙi kan tona asiri,
Yana tsalle-tsalle kamar fara.

Ga gilashi mai jawo nesa kusa,
Mita 100 ta zama kamar taku tara.

In kun ga ya tsaya dab da yarinya,
Da baya ya ja, daga nan aka fara.

Aka juya fim ɗin, ku dubi hayaƙin,
Bututu yake komawa, ku lura.

Ɗan Sigina:

Ranki ya daɗe, ni na hau rufi,
Inda ake dambe, ake rawa.

A gudun 80 iska kaɗai,
Ta isa ta sa ƙato durƙusawa.

Rufin a gantsare yake don ruwa ya zube,
Ga toka, ga mai, santsi da yawa.

Bakin kogon dutse in ya taho,
Tazarar ba ta kai ta tsayawa.

In kuma layin na lantarki ne,
Volt 25,000 ke wucewa.

Ba ta jiran hannu ya kai gare ta,
Tsalle take ta cafke, ba taɓawa.

Za ku ce to Dil Se na 1998 fa,
Sharukhan kan jirgi yana cashewa?

Layin Nilgiri ne a Indiya, faɗinsa mita 1,
Ba waya a sama, sai dutse da hawa.

Kilomita 46 awa 5 yake ci,
Haƙoran tsakiyar dogo yake kamawa.

Mai keke ma in ya dage ya wuce shi,
Shi ya ba da sararin takawa.

Baban Loko:

Ɗana ka kyauta, saura birki,
A fim taku goma jirgi ya tsaya.

Tarago 100 a gudun 90,
Kilomita 1 da rabi yana tafiya.

Inda ƙafa ke taɓa dogo,
Faɗin kwabo ne guda ɗaya.

Ƙarfe kan ƙarfe, ga raɓa ta sauka,
Sai bututun yashi ya fesa kan hanya.

Tartsatsin nan da darakta ke so,
Ƙafa ce ta kafe ta ƙi juya.

Jan ƙafa ba ya rage nisa,
Ƙara shi yake, ga ɓarnar taya.

Gefe guda ya goge ya baje,
Tana ƙwanƙwasar dogo duk tafiya.

Fayaman Mai Shebur:

Salamu alaikum manyan dogo,
Ku ba ni fili in yi batun wuta.

A fim an tarar da injin tururi a sanyaye,
An murɗa ya tashi kamar mota.

Tukunya mai sanyi awoyi take ci,
Ka gaggauta, bututu ya buɗe rata.

Idon fayaman na kan gilashin ruwa,
Shi ne ba a yarda a manta.

In ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhu,
Ƙarfen ya yi ja, ƙarfinsa ya ɓata.

Akwai toshe mai dalma a tsakiyarsa,
Ta narke, tururi ya feso kan wuta.

Gargaɗi ne, a sauke wutar maza,
In an yi jinkiri tukunya ta fashe, an cuta.

Baƙin hayaƙin da darakta ke so,
Kwal ne bai ƙone ba ya fita.

Gwani kaɗan-kaɗan yake watsawa,
Hayaƙinsa toka-toka, ba ƙazanta.

Ranar ɗauka sai a ce masa ya labta,
Ya danne murhu, bututu ya baƙanta.

Hajiya Majigi:

Kun taru kuna ce mana maƙaryata,
To ga inda ba a yi almara.

1926, Buster Keaton, fim ɗinsa The General,
A Oregon gada ya sa aka ƙera.

Aka sa mata wuta, injin gaske ya hau,
Ta karye, ya faɗa kogi da ƙara.

Dala 42,000, ɗauka guda,
In an kuskure babu gyara.

Shi ya sa ake jera kyamarori,
Ko ɗaya ta cije, sauran sun tara.

Ya kwanta a ruwa har Yaƙin Duniya na 2,
Sannan aka yanka ƙarfen aka tattara.

Fim ɗin Gadar Kogin Kwai ma na 1957,
A Silon, Sri Lanka ta yau, jirgin gaske aka tura.

Malam Tiyo:

Hajiya, na sallama wannan,
Ga wani ma da ya faru can,
A Ohio, 2001, ku ji nan,
Inji 8888 ya kama hanya.

Aikin yadi ne, ana jera haja,
Tarago 47 yake ja,
Ba tiyo a haɗe, birkinsu ba daraja,
Na kan inji ke aiki shi ɗaya.

Direba ya sauka gyaran layi,
Ya ɗaure birkin inji, ya ga ya yi,
Totur na ƙarshe, kuskuren da ya yi,
Ja ya fi birki, sai tafiya.

Na'urar tsaro ta mai barci,
Ɗaurin birkin nan ya sa ta lalaci,
Kilomita 106 jirgin ya ci,
Awa 2 ba direba, ba jiniya.

Wani inji ya biyo shi a guje,
Ya kama wutsiya, ƙugiya ta cije,
Ya yi ta birki, wani na jira a waje,
Ya ɗare inji ya kashe, ya tsaya.

Da shi aka yi fim ɗin Unstoppable a 2010, sai aka ƙara masa fashe-fashe da jirgi mai saukar ungulu. A na gasken babu wanda ya mutu.

Ɗan Sigina:
Tambaya gare ki, Hajiya.

Ƙaƙas-ƙaƙas ɗin nan gaɓar dogo ce,
Inda ƙarfe biyu ke haɗuwa.

Irin na layin da ya iso Kano a 1911,
An bar rata don zafi da miƙewa.

Layin jirgin gudu na Faransa da Japan,
Walda aka bi shi, ba gaɓar bugawa.

To don me a fim yake ƙaƙas-ƙaƙas?
Wa ya sa masa gaɓa ba sanarwa?

Hajiya Majigi:

Ƙanena, sautin ba na wurin ba ne,
A ɗakin haɗa murya aka ƙara.

Tarago na katako, taga ƙyalle ce,
Kunne ake ba wa abin da zai saurara.

A cire ƙaƙas, mai kallo zai ce
Falo ne aka zauna ana hira.