Wace kalma za mu ba risefta, kuma ina za mu kai "zafi"?

Malamin ilimin jikin ɗan Adam, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum. Ana shirya darasin jijiyoyi da Hausa don ɗaliban jinya a nan Kaduna, an cije a kan risefta, wato bakin jijiya ko ƙwayar halitta da ke karɓar abin da ya shafi jiki ta mai da shi saƙon lantarki. "Majiyi" ya so dacewa, amma jam'insa "majiya" 'yan jarida sun riga mu. Ina ganin "makarɓi", jam'i "makarɓa".

Likita, Kawo: Malam, makarɓi ya zauna. Sai dai a raba su da abin da ke tayar da su, ba gaɓar da suke ciki ba. Makarɓin haske yana ido. Makarɓin sinadari yana harshe da hanci, har da jijiyar wuya inda yake auna oksijin a jini. Kada mu ce "makarɓin taɓi", domin ƙwayoyin cikin kunne masu ɗaukar sauti, da na jikin jijiyoyin jini masu lura da hawan jini, danginsa ne, dukansu dannawa ko lanƙwasawa ke tayar da su. A ce makarɓin matsi da girgiza.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada: Likita, matsalar tana wajen "zafi". Shayi zafi, yajin tsire zafi, sukar allura ma zafi. In muka ce "makarɓin zafi", ɗalibi zai haɗa iri biyu wuri ɗaya, mai jin ɗumi da mai jin ciwo, alhali gwajinsu daban ne. Mai kuturta yakan fara kasa bambance ɗumi da sanyi a kan tabon fatarsa. Mai ciwon suga kuwa ana danna masa zaren gwaji mai nauyin giram 10 a tafin ƙafa. Wanda bai ji ba zai iya taka ƙusa bai sani ba, har ya zama gyambo.

Likita: Gaskiyarki Hajiya. Na farko a kira shi makarɓin ɗumi da sanyi. Na biyun, wanda masanin jijiyoyi Charles Sherrington ya raɗa wa suna a 1906, lahani yake ganowa. Ciwon kansa a ƙwaƙwalwa ake jin sa. Don haka "makarɓin lahani" ya fi "makarɓin raɗaɗi". Amma bakin Bahaushe bai yi ƙarya ba: ƙofar da ke jikin makarɓin lahani, mai suna TRPV1, da sinadarin barkono ke buɗewa ita ce ke buɗewa idan zafi ya haura digiri 43 a ma'aunin Celsius. Binciken nan ne ya sa David Julius ya samu kyautar Nobel a 2021, tare da Ardem Patapoutian.

Malam: To madalla, biyar sun samu suna. Saura wanda ke cikin tsoka da gaɓoɓi, mai sanar da mutum inda hannunsa yake ko ido a rufe. Shi kuma a ƙarƙashin matsi zan sa shi.