Déterminisme ba ƙaddara ba ce, to me za mu ce da ita?

Ƴan uwa, ku taya ni. Ƙanwata tana shirin bak, jarrabawar kammala sakandare, shekaranjiya da dare ta ɗago kai daga littafin filo, wato falsafa, ta ce, "Yaya, mene ne déterminisme da Hausa?" Na ce ƙaddara. Ta rubuta. Na kwanta barci ya ƙi zuwa, don na san na yi mata sakiyar da ba ruwa.

Ƙaddara tana da Mai ƙaddarawa. Wanda ya ambace ta, Allah ya ambata. Shi kuwa Laplace, Bafaranshen nan masanin lissafi, abin da ya rubuta a 1814 daban ne: da akwai hankalin da ya san inda kowane abu yake da ƙarfin da ke motsa shi, da gobe ta bayyana gare shi kamar jiya. Sanadi na haifar da sanadi, ba giɓi: shi ne déterminisme.

Na kai maganar fadarmu a unguwar Birni ta Damagaram, ana kan shayi na biyu. Wani ya ce jabariyya. Ta yi kusa, amma wannan rigimar malaman tauhidi ce, su da Ƙadariyya, kan aikin bawa da ikon Ubangiji. Wani ya ce "dole" kawai, aka fashe da dariya, wai sai a zaci kasuwar Dole ta garinmu ake nufi.

Ni na kawo tilascin sanadi. Wani dattijo da ke jinmu daga kan tabarmarsa ya ce, "Yaro, tilas ai da mai tilastawa. Ka fitar da mutumin ta ƙofa ya dawo ta taga." Ya ce a ce sarƙar sanadi: zobe riƙe da zobe. Na ce, "Baba, na sallama."

Libre arbitre ba ta wahalshe mu ba: ganin dama. Kowa ya san mai cewa "na ga dama ne." Conscience kuwa hayyaci, wanda mai suma ke fita daga cikinsa ya dawo. Gwada su da misalin Spinoza, wani masanin falsafa: dutsen da aka jefa, da yana cikin hayyacinsa, da ya ce shi ya ga damar tashi. Ya zauna daram a baki.

Mai wadda ta fi sarƙar sanadi ya ajiye ta nan ƙasa. Na ce wa ƙanwata ta goge ƙaddara, ta ce da biro ta rubuta.